Bawan Fatu da Dokar Fuska

Gobir ɗin wannan labari ba wadda ke cikin taswirar makaranta ba ce. A cikinta, lokacin da Turawan Ingila da na Faransa suka zo rabon ƙasa da igiya da turaku, sun ja daga a kan Gobir, wannan ya ce tasa ce, wancan ya ce ba a isa ba, har suka gaji suka bar ta a tsakani, kowa na hararar ɗan'uwansa ta saman kanta. Da suka tattara komatsansu, sai aka wayi gari Gobir ta zama ƙasa mai cin gashin kanta, 'yar siririya kamar tsumman da aka cusa a tsagar ƙofa: Najeriya a kudu da Isa, Nijar a arewa da Tibiri, fadar gwamnati a Sabon Birni. Tana da tuta, tana da shugaban da ake zaɓa, tana da majalisar dattawa da har yau ake kira Tara, ko da yake kujerunta sun daɗe da wuce haka. Abu biyu ne ke riƙe da ita, harajin manyan motocin da ke ratsa ta da albasar fadamar Gulbin Rima. Harajin na masu mulki ne. Albasar kuwa ta irin su Bawan Fatu ce.

Sunansa na yanka Fatihu, amma ko limamin Tsamaye ya manta da shi. Uwarsa Maryamu wabi take yi. 'Ya'ya uku ta haifa kafin shi, kowanne ranar suna wanzami ya zo ya tsaga masa zanen Gobir, shida a wannan kunci, bakwai a wancan, kuma kowanne ya koma kafin yaye. Da ta haifi na huɗu, tsofaffin mata suka ce mutuwa ta gane fuskar gidan, sai a ɓatar mata da sawu. Malamai suka ce camfi ne, rai na Allah ne. Maryamu ta ce ta ji, kuma gaskiya suka faɗa, sannan ta goya jaririnta ta nufi rugar Fatu, wata Bafillatana mai kawo musu tallan nono.

Nan aka yi ciniki irin na masu wabi. Fatu ta sayi yaron da ƙwaryar nono guda. Tunda ya zama dukiyar wani gida, aska ba ta taɓa fuskarsa ba. Sharaɗin kuwa sananne ne: in ya girma ya kauce wa haɗari, iyayensa su mayar da ƙwaryar nono su fanshe shi, sannan a yi masa zanen ubansa. Fatu ta shayar da shi tare da ɗanta Jibrilla, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Yaro ya rayu, ya yi ɓul-ɓul, ya tashi ƙafa ɗaya a gari ɗaya a ruga, yana zagi da Hausa yana kiran shanu da Fillanci. Duk lokacin da aka tada maganar fansa sai Maryamu ta ce a bari ya yi ƙwari. Da ya yi ƙwari ta ce a bari a yi masa kaciya. Da aka yi, ta ce a bari ya yi aure. Tsoro ne bai sake ta ba, har ta koma ga Mahaliccinta ba a fanshe shi ba. Fatu ma ta bi ta, Bawa ya zauna da fuskarsa sumul a cikin dangi masu zane.

Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, muryarsa ta fi jikinsa girma. Bai taɓa zaɓen mutum ɗaya sau biyu ba, wai kada ya saba. Ya gaji gonar fadama daga ubansa, Jibrilla kuma ya gaji wadda ke maƙwabtaka da ita, domin gidan Fatu sun daɗe suna haɗa kiwo da noma. Da an cire amfanin damina, shanun Jibrilla kan kwana a gonakin biyu har ƙasa ta yi baƙi, sannan a dasa albasa. Bawa ke ba da iri, wanda ya gada tun daga kakansa. Albasarsu ja ce, mai kauri, tana shekara a rumbu ba ta ruɓe ba, dillalan Isa kan tare ta tun a hanya kafin ta shiga kasuwa. Aikin yini ba ya ƙarewa sai sun yi rigimar da suka saba. Jibrilla ya ce, "Bawana, an cuci Inna, ta ba da nono mai kyau ta amso surutu." Bawa ya ce, "Ƙwaryar rabi ta, kuma rabin ma ruwa na. Araha kunka samu."

Ɗansa Abdurra'uf yana da zane, domin Bawa bai taɓa ƙin zanen Gobir ba, abin ado ne a wurinsa, kuma na ubansa ne. Ya sa yaron boko da kuɗin albasa har ya sami aiki a Ma'aikatar Ruwa a Sabon Birni. Abu ɗaya ne ke damun gidan, wanda ba a cika faɗarsa ba: matar Abdurra'uf, Khadija, ta binne jarirai biyu.

Sai maƙwabta suka shimfiɗa sabuwar hanya da ta zagaye Gobir ta gabas. Manyan motoci suka daina biyowa, haraji ya ƙafe, aljihun gwamnati ya yi fayau. Manyan da a da ko warin albasa ba sa so a cikin motocinsu, sai ga shi sun tuna cewa kakanninsu manoma ne. Fadama kuwa ba ta ƙaruwa, kafin wani ya shiga sai wani ya fita. Nan Jam'iyyar Gado ta taso da takenta, wai fadama ta masu zane ce. 'Yan takararta kan goga gawayi a zanensu kafin su hau mumbari, don ya fito raɗau a talabijin. Mutane na cikin yunwa da haushi, suka zaɓe su. Ba a jima ba majalisa ta yi dokar da talakawa suka sa wa suna Dokar Fuska, dattawan Tara suka amince da ita ba wanda ya ko yi tari. Ruwan da gwamnati ke saki daga madatsa, da ƙasar da yake sha, na ɗan gado ne, ɗan gado kuwa shi ne mai zanen Gobir a kuncinsa. Fulani da Buzaye da Adarawa da duk wanda kakanninsa suka tsufa a nan ba su tsaga kunci ba, sun zama baƙi. Ba a kore su ba, an dai ce su hau tudu su yi noman damina. Abin kunya ne a ce ƙasa ta rasa abin da za ta auna 'ya'yanta da shi sai tabon aska.

An bar ƙofa guda. Wanda aka san ubansa mai zane ne, shi kuma ba a yi masa ba, yana iya zuwa gaban wanzamin gwamnati ranar kasuwa a gyara masa fuska.

Da hantsi Abdurra'uf ya iso a kan babur, ya tarar da ubansa tsugune cikin irin albasa yana cire ciyawa. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya fito da maganar.

"Baba, zama guda na. Wanzami shi yi aikinai, kwana kaɗan ka warke, hwadama ta tsaya hannunka. Kowa ya san Kaka mai zane na."

Bawa bai ɗago ba. Ya ce, "To Jibrilla hwa?"

"Baffa Jibrilla dokar ba ta bar mai ƙohwa ba."

"To ni ma ban ga ƙohwa ba."

"Baba, don Allah. Gonar ga ita ta yi min karatu. Ita za ka bar ma jikoki. In ka ƙiya, wani za a ba, kuma ni za a turo da makulli in ruhe ruwan."

Wannan ta soki Bawa, domin gaskiya ce, kuma yana son gonar nan kamar ransa. Ya san inda ruwa ke kwanciya a cikinta, ya san inda ubansa kan jingina galma. Amma ya danne, ya ce wa ɗansa ya kauce yana take masa iri.

Abdurra'uf bai haƙura ba. Ya je wurin wanzamin gwamnati, wani tsoho da aka ɗauko daga Bafarawa, sai tsohon ya girgiza kai. Ya ce doka ta gwamnati ce amma aska tasa ce, kuma askarsa ba ta taɓa fuskar wanda aka sayar sai an fanshe shi a gaban shaidu. Don haka Abdurra'uf ya nufi ruga ya roƙi Jibrilla, wanda shi ne magajin Fatu. Jibrilla bai ko bari ya gama ba, ya ce ya yarda.

Da la'asar Jibrilla ya sami Bawa a bakin gona. Ya daɗe tsaye, ya dogara da sandarsa, yana kallon tasa gonar da ya san ta riga ta tafi.

"Bawana, ranar kasuwa za ni amshi nono in sake ka."

"Wa yac ce maka ina son saki?"

"Inna ta saye ka don ka rayu, ba don ka mutu da yunwa ba. Tawa ta tahi. In taka ta tsaya, ko ba komi shanuna sun samu wurin kwana."

"Shanunka su kwana gonata, kai kana tudu awa ɓarawo? Nono guda munka sha, Jibrilla."

"Shi ya sa nike gaya maka gaskiya. Ka bar taurin kai, ka zo."

Bawa ya dubi gonakin biyu. Can ya ce, "Za ni zo."

Ranar kasuwar Tsamaye an kafa rumfa kusa da masu sayar da hatsi, an ɗaura tuta. Jami'in jam'iyya na zaune a kan kujera, zanensa ya sha gawayi. Wanzami na kan tabarma da zabirarsa. Ga layin mutane, yawancinsu magidanta, wasu da furfura, 'ya'yan wabi da waɗanda aka haifa a ci-rani da waɗanda iyayensu suka bar tsaga saboda wa'azi. Kowa ya sunkuyar da kai. Wanda aka gama wa sai ya tashi dafe da kunci, jini na bin yatsunsa, jami'i ya ce masa barka da dawowa gida, alhali mutumin bai taɓa barin Tsamaye ba.

Bawa ya zo cikin rigarsa ta Juma'a. Jibrilla na tsaye a gefe. Abdurra'uf ya taho da sabuwar ƙwarya cike da kindirmo, yana tafiya a hankali kada ya zube. Wanzami ya ɗaga murya ya ce jama'a su shaida, ga fansar Fatihu wanda Fatu ta saya, za a miƙa wa magajinta. Jibrilla ya miƙo hannu biyu.

Ƙwaryar ba ta isa gare shi ba. Bawa ya shiga tsakani ya karɓe ta daga hannun ɗansa, ya ce bari ya ga irin nonon da za a biya a kansa. Ya tsuguna, ya yi bisimilla, ya kafa kai. Mutum mai shekara sittin da ɗoriya, ga ƙwarya ba ƙarama ba, amma bai sauke ta ba sai da ya ga gindinta. Ya goge gemu da bayan hannu, ya kife ƙwaryar a gaban wanzami.

"Na shanye hwansar. Ciniki ya lalace."

Wasu suka fashe da dariya kafin su tuna inda suke. Jami'i ya miƙe ya ce, "Tsoho, nan ba wurin wasa ba na. Ka san abin da za ka rasa?"

"Na hi ka sani, ranka shi daɗe, ni ka noma ta." Bawa ya shafa kuncinsa. "Huskar ga uwata ta bar min ita. Mutuwa ta shigo gidanmu ta ɗauki yayyena masu zane, ɗaya bayan ɗaya. Da taz zo kaina, tat tarar da ni ga ƙirjin Bahillata, taw wuce. Yau kuna son in tsaga ta, in ce matar da ta shayar da ni baƙuwa ta, ɗanta baƙo na. Ba ni hwaɗin haka ko da hwadamar Rima dut za ku ba ni. Ka gaya ma na Sabon Birni, ni Bagobiri na, ubana Bagobiri na, kuma ni bawan Fatu na. In ƙasar ga ta yi ƙanƙanta da ta ɗauki duka ukun, laihinku na, ba nawa ba."

Ba a yi tafi ba. Mutanen da ke layi suka ƙara sunkuyar da kai, kuma bai kamata a zarge su ba, kowa na da bakunan da yake ciyarwa. Tsoho ɗaya ne kawai ya gyara hularsa ya fita daga layin ya nufi gida. Abdurra'uf ya tsaya kamar an dasa shi, idonsa ya kaɗa ya yi ja, sannan ya hau babur ya tafi ko sallama bai yi ba. Jibrilla ya ɗauki ƙwaryar ya kakkaɓe ta.

"Wallahi an cuci Inna," in ji shi. "Wawa tas saya."

Gwamnati ba ta yi wasa ba. Kafin albasa ta isa dashe aka rufe ruwan, ko da yake ba Abdurra'uf ne ya zo da makullin ba, ya ce ba shi da lafiya aka turo wani. Aka haɗe gonakin biyu aka ba surukin wani ɗan majalisa. Bawa bai fita da komai ba sai galmar ubansa da ƙullin irin albasa. Ya bi Jibrilla tudu, inda ƙasa rairayi ce, ruwa kuma sai an ja da guga. Suka yi gero, suka yi 'yar albasa a bakin rijiya, ta fito ƙanana kamar goro, ba dillalin Isa da zai tare ta a hanya. Jibrilla ya sayar da shanu da yawa. Bawa ya rame, rigar Juma'a ta yi masa yawa. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, bai kuma ɓoye ba. In zai shiga gari yakan zagaya ta nesa don kada ya ga fadamar. Amma duk wanda ya ce masa ƙofar gyaran fuska na nan a buɗe, sai ya ji abin da bai shirya ji ba. Salla ta zo ta wuce Abdurra'uf bai leƙo ba, wannan kuwa ya fi rashin gonar zafi.

Wata safiya bayan girbi, suna zaune a gindin aduwa suna gyaran igiyar guga, sai suka ji ƙarar babur a kan turbar ruga. Abdurra'uf ne, Khadija na bayansa, ta lulluɓe wani abu a ƙirji. Suka sauka suka durƙusa. An daɗe ana gaisuwa, kowa na kallon ƙasa. Sannan Khadija ta buɗe mayafi. Jaririya ce, an yi mata askin suna, kai fes, kuncinta biyu kuwa sumul.

"Baba," in ji Khadija, "biyu na binne. Wagga ba ni son ta bi su. An ce matar ɗan Baffa Jibrilla na da goyo."

Bawa ya dubi ɗansa. "Wanzami bai zo ba?"

"Ya zo. Ya yi aski, nis sallame shi."

"Ohis za su ji."

"Su ji."

"Ka san wagga ba ta da hwadama? Ko taki guda."

"Na sani, Baba. Ta rayu dai."

Bawa ya miƙa hannu aka ɗora masa ita. Sunanta Nusaiba. Ya sa babban yatsansa, wanda galma ta mayar kamar ƙirgi, ya shafa kuncin nan a hankali, wannan gefe da wancan. Sai hawaye suka gangaro masa ta inda zane zai kasance da an yi masa. Jibrilla ya kau da kai, ya tashi ya ɗauko ƙwarya, ya nufi wajen 'yan shanun da suka rage masa.

Bawa ya share fuska da hannun riga, ya bi shi da muryar nan tasa da ake ji daga wannan gaɓar gulbi zuwa waccan.

"Jibrilla! Ka cika ta hwa. Ba rabi awa wadda uwarka ta biya kaina ba."